Baba Detlef Ya Rasa Mai Jin Maganarsa

Xiaobei, Guangzhou.

Zuwa ga Yaya Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Ibrahim Khalil da yara. Allah ya ƙara miki juriyar aikin jinya da sanyin Bremen. Mun yi waya da Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa islamiyya da kanta, sai dai ta ce kin kwana biyu ba ki kira ba. Maiɗakina Saffana tana fama da laulayi, amma da sauƙi. Ni ma lafiya lau, gajiya ce kawai. Kaya sun taru a filin jirgin saman Baiyun babu wuri a jirgi, mutanen Kantin Kwari suna ta bugo waya kamar ni ke tuƙa shi. In na tashi daga ofis kuma asibiti nake wucewa, kuma zancen asibitin ne ya sa na zauna rubuta miki, don ya fi ƙarfin saƙon murya.

Akwai wani dattijo Bajamushe a nan, sunansa Detlef Osterkamp, mu Baba Detlef muke ce masa. A kasuwar baje koli na san shi, shekarun baya. Na raka Alhaji Kallamu na Maraɗi duba injinan ban ruwa, muka tarar da Bature mai furfura sanye da kwat a rumfar wani kamfani, aka ce mana shi ne injiniyan da ya ƙera injin. Alhaji ya natsu ƙwarai da ganinsa. Da masu rumfar suka juya ɗauko shayi, sai Baturen ya sunkuyo ya raɗa mini da Turanci cewa shi ɗan wasan kwaikwayo ne, hayarsa aka ɗauko ya zauna, ko inda ake kunna injin bai sani ba, mu nemi mai gwada mana kafin mu saya. Daga ranar muka saba. Ɗakinsa ba nisa da namu, ya riƙa zuwa gidan abincin Zalika yana cin tuwo da cokali, yana sa mu dariya da kwaikwayon yadda kowannenmu ke ciniki.

A wurin cin tuwon na ji labarinsa, kaɗan-kaɗan. An haife shi a wani garin masunta kusa da Rostock, lokacin Jamus tana rabe biyu. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gyaran jiragen ruwa, shi kuwa ya gudu makarantar wasan kwaikwayo. Ya yi wasan dandali, sannan talabijin ta ɗauke shi a wani shiri na 'yan sanda, ya daɗe yana fitowa a matsayin mataimakin mai bincike, har ya zamana ba ya shiga kanti sai an gaishe shi da sunan wasan. Da ƙasar ta haɗe aka rufe shirin. Ya ce a yammacin Jamus babu wanda ya san fuskarsa, ya koma bin layi da sababbin shiga don a gwada shi. Ya fito soja a finafinai, ya fito likita a wani shirin asibiti har masu rubutun suka gaji suka kashe likitan, ya koma ara wa 'yan wasan ƙasashen waje muryarsa. A tsakanin nan aurensa ya mutu, 'yarsa Katrin ta bi uwarta. Wani shiri ne na 'yan China ya kawo shi nan don aikin 'yan watanni, ya ga ana neman fuskar Bature kullum, sai ya zauna. Ya fito janar, ya fito fadan coci, ya fito mugun mai kamfani. Da tsufa ya kama shi sai tallar katifa da zaman rumfa. Bai taɓa kuka da hakan a gabanmu ba, iyaka ya ce a ƙasarsu ya san abin da yake faɗa ba mai kallo, a nan kuma ana kallonsa bai san abin da aka sa a bakinsa ba.

Watan jiya ya faɗi a bakin tashar jirgin ƙasa, shanyewar ɓarin jiki. Lambata aka samu a wayarsa. Da ya farfaɗo, Turancin ya tafi gaba ɗaya, ɗan Sinancin da yake ciniki da shi ma ya tafi, Jamusanci kaɗai ya rage masa, shi ma harshen ya yi nauyi. Mun gwada fassarar waya, abin da take fitarwa ba kai ba gindi. Wata ma'aikaciyar ofishin jakadancinsu ta zo, ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce yana haɗa maganarsa da harshen ƙauyensu na bakin teku, wani abin kuma kamar baitocin wasannin da ya haddace tun yana saurayi. Sun nemi 'yar a adireshin da suke da shi, ta tashi daga can. Ni da Zalika muke karɓa-karɓa, ita ta kai kunu da safe, ni in je da la'asar. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, na gaji. Wata rana nakan tsaya a ƙofar asibitin in ji ƙafata ta ƙi shiga. Amma in ban shiga ba, babu mai shiga sai Zalika washegari.

Jiya da la'asar talabijin ɗin ɗakin marasa lafiya ta nuno wani tsohon shiri, sai ga Baba Detlef a kan doki, da kakin janar, yana zuba Sinanci tiryan-tiryan da muryar wani. Tsohon da ke gadon kusa da shi ya gane shi, ya nuna wa sauran, ɗakin ya ɗauki tafi, har masu jinya suka leƙo. Shi kuwa ya kalli kansa har aka gama, bai yi murmushi ba. Sannan ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya yi mini magana mai tsawo, a hankali, yana duban idona, sunan Katrin kaɗai na tsinta a ciki. Na riƙa gyaɗa kai ina cewa to, to, kamar na fahimta. Ya san ban fahimta ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a wannan sana'a ba ni zan ruɗe shi da gyaɗa kai ba. Ya saki hannuna a hankali ya juya fuskarsa bango.

Shi ya sa na tuna da ke. Kin shekara kina jinyar tsofaffin da harshensu ya karye irin haka, kuma kin ce wasunsu da harshen ƙauyen arewacin Jamus suke miki magana. Ina roƙonki abu biyu. Ranar da ba ki da aiki ki kira ni da safiyarku, ya yi daidai da la'asar ɗinmu, in kara masa wayar a kunne. Na biyu, ki roƙi Yaya Ibrahim Khalil ya taya mu cigiyar Katrin. Abin da na sani, malamar makaranta ce, ya taɓa ce mini tana Lübeck, kuma ta yi aure, ban san sunan da take amsawa yanzu ba. In an same ta ta ce ba ruwanta, ba zan ga laifinta ba, ban san abin da ya shiga tsakaninsu ba. Amma likita ya ce kada mu ja lokaci.

Ki gaishe mini da Yaya Ibrahim Khalil, da Radiyya, da Ghali mai ƙin cin tuwo, da Anti Aicha in kun haɗu a masallaci. Saffana da Zalika suna miƙo gaisuwa. In kin kira, ko ba ki gane komai ba, don Allah ki amsa masa da harshensu, ya ji an amsa.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Ƙaninki,
Sharfaddeen