Dalilin da Ya Sa Na Raba Aikin Auta

Zuwa ga Gwaggona abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Malam da duk mutanen gida. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya rufa asiri. Mu nan lafiya lau muke. Hawan jinin Baba ya sauka tun da ya yarda ya rage gishiri, ko da yake Mama ta ce in ta juya baya yana ƙarawa. Maigidana yana gaishe ki. Takwararki ta shiga makaranta, kullum ta dawo sai ta jera mu ta koya mana karatu.

Gwaggo, saƙonki ya iso ta bakin Baba, kuma bai rage masa zafi ba. Ya ce kin ce ni na jawo ɗanki Auta wurin aikinmu, ni kuma na ƙwace masa aiki na kunyata shi a gaban mutane. Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Kin ji daga bakin Auta, to ki daure ki ji daga nawa, in ya so ki yanke hukunci.

Bari in fara da aikina, don Baba ma har yau cewa yake ana biyana ne in yi zane a allo. Manhajar kwamfutar da muke yi ta wani kamfani ce mai raba magunguna ga asibitoci da ƙananan shaguna. Ita za ta karɓi oda, ta san abin da ya rage a sito, ta faɗa wa direba inda zai kai kaya. Masu rubuta ta suna da yawa, kowa da sashensa. Ni ce mai tsara ginin gaba ɗaya. Nakan zauna da masu kamfanin in ji ainihin abin da suke bukata, wanda sau da yawa ba shi ne abin da suka fara faɗa ba. Sannan in tsaya gaban farin allon ofishinmu, wanda ke tsakanin taga da na'urar sanyaya ruwa, in zana sassan da yadda kowanne zai yi magana da ɗan'uwansa. Sauran aikin tambaya ce wadda ba a son ji: in wannan sashe ya faɗi, me zai faɗi tare da shi, kuma wa zai iya tayar da shi? In aiki ya yi kyau ba mai tunawa da ni. In ya rushe, ni za a fara nema.

Auta shi ke riƙe da sashen sito, kuma wallahi ɗanki gwani ne. Abin da wani zai yi mako yana fama da shi, shi kafin shayinsa ya huce ya gama. To saurin nan ne ya zama matsala. Duk wanda ya maƙale sai ya garzaya wurinsa, shi kuma maimakon ya nuna masa hanya sai ya karɓa ya cusa a nasa sashen. A hankali oda da direbobi da komai suka koma bi ta hannunsa, ba kamar yadda aka tsara ba. Bai kuma rubuta bayanin komai ba, duk yana cikin kansa. Na yi masa magana a ofis, na yi masa a gida. Sai ya mayar da ni abokiyar wasa, ya ce tsufa ne ya fara kama ni.

Ran nan da safe ya tafi cire haƙori, ya kashe waya. A lokacin masu kamfanin sun fara gwada manhajar a sito ɗaya. Sai ta tsaya cak. Motoci sun yi layi, maganin masu ciwon suga na jiran a loda, ga asibitoci suna ta bugo waya. Muka taru a kan kwamfutarsa, har da ni, muna kallon rubutunsa kamar an ba makaho madubi. Sai wajen azahar ya shigo, kunci a kumbure, auduga a baki, ya ɗan taɓa nan da can, komai ya tashi. Ofis ya ɗauki tafi. Ni ban tafa ba, Gwaggo. Sito ɗaya ke nan. In an haɗa sauran, duk ranar da Auta ya yi zazzaɓi marasa lafiya ne za su kwana ba magani.

Washegari na yanke shawara. Na raba sashensa gida uku, na bar masa mafi wuya, sauran na ba abokan aikinsa biyu. Na ce ya zauna da su ya koya musu, ya rubuta bayanin komai, kuma kada wani gyara ya shiga, nasa ko na kowa, sai wani ya duba. Manaja ya yi tsalle ya dire, ya ce wannan zai ja mana jinkiri. Ni na je gaban masu kamfanin na nemi ƙarin lokaci, na sha baƙar magana, amma suka yarda. Na san an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wannan karon kam sauke mu raba ne, don kayan sun fi ƙarfin wuya ɗaya. Ban rage masa matsayi ba, kuma a ofishina na faɗa masa, mu biyu, kafin kowa ya ji. Ya ce hassada nake yi, na ga ana yabonsa. Tun ranar, a wurin aiki sai gaisuwa, gidana kuwa ya ɗauke ƙafa.

Kin ce in mayar masa da aikinsa in ina son zumunci ya ɗore. Gwaggo, ki gafarce ni, ba zan iya ba. Amanar mutane ce a hannuna, ko Baba ne a kujerar haka zan yi. Amma ki tambayi kanki yaushe rabon da Auta ya taka gidanki. Da aka yi miki aikin ido bai zo ba, ya ce aiki. Ba ƙarya ya yi ba. Ya nemi hutu, manaja ya hana, don in ya tafi ba mai taɓa abin da ya gina. Na same shi a bakin matakala bayan ya gama waya da ke, idonsa jajir. Shi yana ganin ya zama wanda ba a iya yi sai da shi, ni kuwa a ɗaure na gan shi.

Yanzu abokan aikin nasa sun kama. Makon jiya sashen ya sake samun tangarɗa yana wurin cin abinci, kafin ya dawo sun gyara. Ya ji haushin hakan, na gani a fuskarsa, na kuma yi kamar ban gani ba. Manaja ya sa hannu a takardar hutunsa, ƙarshen watan nan zai taho. In kin ga dama ki zage ni a gabansa, ni 'yarki ce, zan ɗauka. Roƙona ɗaya, in ya fito da kwamfuta ki karɓe ki kulle a ɗakinki. Ba wanda zai kira shi daga ofis. Ki samu ɗanki ki kalle shi da sabon idonki har ki ƙoshi.

Ki gaishe mini da Baba Malam, da Yaya Babba da maiɗakinsa, da Inna ta ɗakin baya, da 'yan biyu. Allah ya bar zumunci, ya huci zuciyarki.

Wassalam,
'Yarki, uwar takwararki.