Na Bar Miki Gida, Na Ɗauki Sikeli

Daga gindin wata ɗorawa,
tsakanin Kafur da Malumfashi.

Zuwa ga Sabuwa, uwar Bushra, sanyin randa a tsakiyar bazara, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, farar audugar da ba a taɓa samun tsakuwa a cikinta ba. Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi.

Yau kwana arba'in da ɗaya ba ki ɗauki wayata ba. Takan yi ta ƙara har ta gaji, in mayar da ita aljihu. Shi ya sa na sayi takarda. Shekara ashirin da tara muna tare ban taɓa rubuta miki wasiƙa ba, don ban taɓa yin nisan da zai sa a rubuta ba.

Kin san yadda na yi rayuwata. Shekara ashirin da bakwai ina zaune a bakin sikelin kamfanin gurzar auduga a Funtua, a kan benci ɗaya, har bencin ya lotsa daidai ni. Motoci su zo da jar ƙasar wasu garuruwa a tayoyinsu, direbobi su sauko su ba ni labarin koguna da duwatsu, in auna, in rubuta, su tafi. Ni kuwa in bi layi ɗaya in koma gida. Ranar da aka sallame ni na tsaya a tsakar gidanmu na dubi katangun nan huɗu, sai na ga abin da ya rage mini shi ne in shimfiɗa tabarma a zaure in jira ajali. Ban ƙi ajali ba, hasken idona. Ban dai ga dalilin da zan zauna wuri ɗaya in sauƙaƙa masa nema ba.

Shi ya sa na mayar da takardun gidan da sunanki, na sayi tsohuwar mota a-kori-kura, na ɗaura mata tamfol, na zuba katifa da buta da risho da sikelin buhu. Ina bin kasuwanni ina auna wa manoma masara da waken suya: Danja, Bakori, Kafur, Malumfashi. In kaka ta ƙare a nan zan gangara kudu wajen masu citta. Yanzu ba ni da gida, kuma da kaina na zaɓa. Na faɗi haka ne don na ji a unguwa wasu na cewa ke kika kore ni, wasu kuma na cewa kaina ya taɓu. Maganar farko ƙarya ce.

Na san na yi miki laifi. Ana gobe zan tafi na gaya miki, kina tsintar shinkafa a faifai. Na ce ki zo mu tafi tare. Ba ki ɗago ba, kika ce, "A dawo lafiya, Malam." Na ɗauka izini ne. Sai da na kai Bakori na gane.

Amma ina ma kin ga abin da na gani, ya ke inuwar da ba ta gushewa da azahar! Na yi sallar asuba a masallatai goma sha tara, kowane da irin tarin limaminsa. Na ga rana ta fito ta bayan wani dutse da ban san sunansa ba, ban kuma tambaya ba. Na kafe a wani rafi bayan Danja, makiyaya suka ɗaura mini bijimai biyu suka fisgo ni, suka ba ni fura, suka yi mini dariya cikin ladabi. Akuya ta cinye gefen tamfol, don haka in ana ruwa ƙafafuna ne ke fara sani. Duk wannan ya yi mini daɗi. Abu ɗaya ne ke ɓata shi: in na ga abin mamaki sai in juya dama in ce "dubi", babu kowa a wurin sai buta.

Kina tuna ranar da aka ɗauko ki daga Maska? Motar amarya ta mutu a hanya, gwaggonninki suka sauka suna ta faɗa da direba, aka zaunar da ke a gindin tsamiya a lulluɓe. Labari ya iske ni, na ɗauko makanike a bayan keke na zo da kaina, abin da ango bai kamata ya yi ba. Ina giftawa kusa da ke sai na ji murya daga cikin mayafi: "Malam, a ce masa kada ya yi sauri. Ban taɓa zuwa nan ba." Me ke wurin? Gonar dawa ce da wata balbela. Maganar farko ke nan da kika yi mini a matsayin matata, ni kuma na kai ki ɗaki na ajiye. Ina yarinyar nan take, Sabuwa? Ni na ɓatar da ita, ko tana nan tana jira a tambaye ta da kyau?

Shekaranjiya yayanki Haladu ya same ni a kasuwar Bakori. Ya dubi motar, ya dubi katifar, ya ce, "Shitu, ko ka koma gida ka zauna kamar mutane, ko ka rubuta wa ƙanwata takardarta." Ya ba ni zuwa Juma'a. Na ce masa hannuna bai iya irin wannan rubutun ba. Da zai tafi ya jefa mini leda a kan kujera, ya ce ke kika aiko. Na buɗe: tabarauna da na manta, maganin hawan jinina, da kwalbar yajin da kika daka. Na zauna a kan wani buhu riƙe da kwalbar nan, har mai buhun ya roƙe ni in tashi.

Na san tsoron hanya kike ji, kuma kina da gaskiya. Ba na tuƙi bayan la'asar, ba na shiga inda mutanen gari suka ce kada a shiga. In an tambaye ni ina na nufa, nakan ce Sabuwa, sai su ɗauka garin Sabuwa nake nufi, su nuna mini hanyar Dandume su ce in yi hattara. Ba na gyara musu.

Ba cewa nake ki rabu da gidanki ba, furen zuciyata. Mako ɗaya nake roƙo. Bushra tana ɗakin mijinta, kaji kuwa maƙwabta za su duba. Na sa an yi wa kujerar gaba sabon soso. Ƙofar ɓangarenki ba ta buɗuwa daga ciki, amma zan riƙa zagayowa ina buɗe miki a duk inda muka tsaya.

Ranar Alhamis da hantsi zan tsaya a bakin layinmu. Zan zo ƙofa in yi sallama kamar kowane baƙo, tunda gidanki ne. In kin fito da jaka, mu tafi. In kuwa kika dube ni kika ce sai dai in zaɓa, ko ke ko hanya, to a ranar zan nemi mai sayen motar, ba kuma za ki taɓa jin gori daga bakina ba. Na riga na gwada kwana arba'in da ɗaya, na san wanda zan iya rayuwa babu shi.

Naki ke kaɗai, da gida ko babu, har ƙasa ta rufe idona,

Shitu