Kajin da ke kwana a kan mangwaro

Goggo Asabe,

Gaisuwa mai yawa daga Lafia. Yaya jiki, yaya Kawu da yara? Muna lafiya, sai dai ciwo ya shiga kajina.

Tun da na kawo sabon zakara daga Adogi, na cikin akurki suke gyangyaɗi da koren zawo. Amma zuriyar kazar da kika bar mini, masu kwana a kan mangwaro, ko ɗaya ba ta kamu ba. Iska ce ta kare su, ko jininsu ne mai ƙarfi? A hannunki ma haka suke?

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Likitan dabbobi ya tafi da wadda ta mutu jiya, bai faɗi sunan ciwon ba tukuna.

Ɗanki,
Habu