Shekara Uku Muna Hanyar Omalo

Inna Lamara, ki taimake ni kafin in fasa wa mijina tulu a ka.

Mahaifina shekararsa tamanin da ɗaya. Burinsa ɗaya ne, ya sake ganin gidan da aka haife shi a Omalo, can ƙololuwar duwatsu. Mu ba masu hali ba ne, ni malamar firamare ce a Rustavi, mijina Shalva kuma gyaran firji yake yi. Shi ya kawo dabarar, wai me zai sa mu kashe kuɗi a masauki alhali ga 'yan uwansa a Telavi, kan hanya? Mu kwana ɗaya kyauta, mu wuce.

Kwana ɗaya fa! Kullum lokacin tsinkar inabi yake zaɓa, wai abinci ya fi yawa. Muna sauka an shimfiɗa tebur, an naɗa shi tamada, shi zai yi jawabi kafin a ɗaga kowane kofi. Ya yi na zaman lafiya, ya yi na iyaye, ya yi na matattu har da kakan maƙwabci, sannan a miƙo masa ƙahon giya, wanda ba a ajiyewa sai an shanye. Gari ya waye, kawunsa ya rantse in muka tafi mun ci mutuncinsa. Bara kwana tara muka yi. Ranar da muka tashi, dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse sai shekara ta zagayo. Shekara uku ke nan! Baba ya kwance jakarsa kawai. Bana likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji.

Wadda ta gaji, Rustavi

'Yata,

Ajiye tulun. Shalva ba mugu ba ne, kin san tamada ba ya tashi ya bar tebur, kuma kawun da ya riƙe ku ƙauna ce ta sa shi. Amma ke ma da naki. Sau uku kina bin dabarar da kika ga ta faɗi, don kada dangin miji su ce kin cika tsiya.

Bana ku tafi cikin Agusta, kafin inabi ya nuna. Kada kowa a Telavi ya ji. Ku hau motar haya ta farko zuwa Alvani da ke gindin duwatsun, a can ku haɗa kuɗi da wasu matafiya ku ɗauki motar dutse, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ki riƙe burodi, cuku, rigunan sanyi, da kuɗi a hannu, don can sama babu injin cirar kuɗi. Kafin komai ki tambayi likita ko Baba zai jure tsayin wurin, ki kuma sa maganinsa a jakarki. Dangi kuwa ku biya ta wurinsu a dawowa, su riƙe Shalva wata guda in sun so.

Shi kuma kada ki yi masa faɗa. Ki ba shi kwalbar giya ɗaya ya ɗauka, ki ce bana a ƙofar gidan Omalo zai yi jawabin matattu, Baba na tsaye a gefensa. Ki faɗa masa ƙarara, in ya sake makara, sunan Baba zai shiga cikin jawabin.

Allah ya kai ku lafiya, ya nuna wa tsoho ƙofar gidansu.

Inna Lamara