Ɗakin Kaka Vika da Kyautar da Aka Mayar Mana

Zuwa ga ɗana Penisimani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Lupe da jaririnku. Allah ya raya shi, ya tsare shi daga sanyin Auckland. Mu nan Sydney sai godiya. Ƙafar mahaifinka Sitiveni ta yi sauƙi har ya koma waƙa a coci, ko da yake muryar tana nan yadda ka san ta. Kaka Vika kuwa kullum tambayarta ko ka yi ƙiba.

Na ji kana shirin gina wa surukarka ɗaki a bayan gida, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanenmu da yawa suna zaton in ka sayi gida sai ka gina abin da ka ga dama, in kuma ƙaramar hukuma ta aiko takarda to an ja daga ke nan. Ba haka ba ne, mu ma sai da muka ji a jikinmu muka gane.

Ka san mazan coci sun taru sun mayar da garejin mahaifinka ɗaki don Kaka ta huta da hawan bene. Ba wanda ya nemi izini, ga bangon ya matse katangar maƙwabci. Hukuma ta ce ko a gyara ko a rushe. Wadda aka turo duba ginin Heilala ce, 'yar Sela, yarinyar da na koya wa karatu tun ba ta iya ɗaure takalmi ba. Ta zauna kan tabarma ta gaishe da Kaka da harshenmu, ta yi aune-aunenta, ta ce za ta ba da shawara a bar ɗakin in an yi 'yan gyare-gyare.

Daga nan na ɓata lamarin. Na ce ba a yi mana irin wannan karamci mu naɗe hannu ba. Mahaifinka ya yi ƙasa da murya ya ce Yaya, nan fa ba garinmu Vava'u ba ne. Na ce masa yaushe wanda na share wa majina ya fara koya mini tarbiyya? Ka san a wajenmu ba a ja da maganar yayar uba, sai kowa ya bi. Ranar Lahadi muka ɗauki doya da babban ngatu, ƙyallen ɓawon itacen nan da Kaka ta zana da hannunta, muka kai gidan iyayen Heilala.

Ashe dokar aikinta ta wajabta mata ta sanar da duk wata kyauta. Ta sanar. Aka janye ta daga maganarmu, aka zaunar da ita ana yi mata tambayoyi kamar mai karɓar rashawa, aka ajiye shawararta gefe. Jami'in da ya gaje ta ya ce a rushe kawai. Sela da kanta ta dawo da ngatun tana hawaye, ba sai na gaya maka nauyin wannan ba. Da Kaka ta ji, sai ta fara ninke tufafinta cikin akwati, wai a kai ta gidan tsofaffi tun kafin a kware rufi a kanta. Peni, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Muka nemi zaman sulhu, aka ba mu. Mai shiga tsakani ya zaunar da mu da jami'in da maƙwabcinmu Mista Doyle. Na miƙe na ce kyautar nan shawarata ce, yarinyar ba ta san da zuwanmu ba. Mista Doyle ya ce shi bai taɓa son a tayar da tsohuwa ba, ruwan rufinmu ne ke kashe masa tumatir, kuma ba wanda ya taɓa leƙowa ya tambaye shi. Mahaifinka ya ce da ya sani ai da ya saya masa tumatir kwando guda, kowa ya yi dariya har jami'in. Aka daidaita: injiniya ya duba ginin, a sa wa bangon abin da ke hana gobara ƙetarawa, a sa indararo, sannan a ba da izini. Ɗakin ya tsira. Kafin a gama, Kaka a falo take kwana, ta kuma ƙwace talabijin.

Na je na ba Heilala haƙuri. Tana nan a bakin aikinta. Ta ce ba komai, ta haɗa mini shayi, ta raka ni har mota. Amma tun shigata har fitowata Misis Fifita take ce mini. A da kuwa Anti Lesieli take ce mini.

Don haka ɗana, rigakafi ya fi magani. Kafin ka ɗora bulo ko ɗaya, ka zana ɗakin ko a bayan kwali ne, ka nuna wa maƙwabcinka, sannan ka tafi ofishin hukuma da kanka ka tambaye su abin da suke buƙata. Gwada ka gani, tambaya ba ta cizo.

Ka gaishe mini da Lupe da mahaifiyarta, da Kawu Tevita da iyalinsa. Mahaifinka da Kaka suna gaishe ku. Ka sa Heilala cikin addu'arka, ni ma haka.

Gwaggonka mai ƙaunarka,
Lesieli Fifita