Sabo da lambar sirrin wayata

Talata da dare, 12 ga Oktoba 2004

"Wallahi Yaya, kina dawowa daga Makka zan manta da lambar nan." Haka Sabo ya ce ranar da na ba shi lambar sirrin wayar ofis, don ya riƙa sauraren saƙonnin masu sayen riɗi.

Yau wata takwas da dawowata. Ɗazu babban mai sayenmu na Legas ya ce sau uku ya bar mini saƙo, sai ƙanina Sabo ya kira shi ya yi masa lodin nasa riɗin. Ashe daga garin Obi Sabo yake bugo wayar ofis, ya danna lambar, ya saurari saƙonnin, ya goge.

A bakin sito na shaƙe shi, na wanka masa mari gaban 'yan dako. "Haba Yaya, ai duk gida ne." Na ƙara masa. Har yanzu tafina zafi yake.

Shekarar rasuwar Baba ce lambar, shi ya sa na kasa canza ta. Yau Sabo ya sa na canza ta, ina kuka.

Dole kafin sallar Juma'a ya kira mutumin Legas ɗin a gabana ya faɗi gaskiya. In ya ƙi, zan farke buhunansa da ke sitona da wuƙa, in watsa a titi kaji su yi walima.