Billen Kaka ya koma dama

Daren Laraba, Maris 2003, Moursal

Yau muka buga zanenmu a lekol, makarantarmu. Sati biyu ina sassaƙa fuskar Kaka a kan guntun roba da reza, har na yanke ɗan yatsa. Malaminmu na zane ya shafa wa robar tawada, na ɗora takarda na murza da bayan cokali. Da na ɗaga sai na ga billenta ya fito a kumatun dama, alhali a hagu yake. Malam ya ce ai ya gaya mana bugu juya komai yake yi. Maki sha ɗaya cikin ashirin ya ba ni, ya ce in dawo da takardar gobe za a liƙa a bangon aji.

Ban yi niyyar nuna wa Kaka ba, ita ta matsa sai ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hadiza, wannan ba ni ba ce. Yaya Rabi ce. Ita a dama aka yi mata."

Ban taɓa jin sunan ba. Ta ce zazzaɓi ya kashe ta suna yara, a hanyar Makka, kafin su iso garin nan. A wani ƙauye aka binne ta. Ko hotonta babu.

Ta naɗe takardar cikin ɗankwali, ta sa a adakarta ta kulle. Na kasa ce mata ta lekol ce.

Gobe zan yi sammako in roƙi Malam tawada in buga wata. In ya hana, sai a liƙa na sauran babu nawa. Ba zan karɓe ta daga hannun Kaka ba.